Nomau da Faifan Inna Ladingo

Yaushe rabonka da ka tambayi sunan wanda ya ƙago waƙar da ke cikin wayarka? Ba wanda ya rera ta a sitidiyo nake nufi ba, ba kuma wanda aka manna hotonsa a jikinta ba. Wanda ta fara fitowa daga bakinsa nake nufi. Idan ba ka taɓa tambaya ba, zauna ka ji labarin Nomau na Marken Dutse, wanda garinsu kaf ke kira wawa.

Gidan su Nomau yana ƙarshen gari, daura da tsohuwar rijiya. Akwai mahaifiyarsa, Inna Ladingo, wadda a zamaninta ba a dakan biki a Marken Dutse sai da muryarta a kan turmi. Shekara shida ke nan da ciwo ya shanye mata ɓarin dama, ya tafi da harshenta. Akwai ƙanwarsa Hansai, wadda ta karanci kwamfuta, ta buɗe shagon caji da tura waƙoƙi a kasuwa. Ta dawo wankan gida bayan haihuwar fari, mijinta kuma yana can kudu da tankar da yake tuƙawa. Akwai Gwaggo Kuluwa, yayar mahaifinsu, mai kula da jegon, wadda ta shimfiɗa tabarmarta a zaure domin kada mai jego ta leƙa waje kafin arba'in. Sai shi Nomau, ɗan shekara talatin da takwas, mai noma da safe, mai taya Hansai tsaron shago da rana. Halinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Ba ya tambayar abin da mai magana yake nufi, domin a ganinsa da mutum yana nufin wani abu dabam, da shi zai faɗa.

Ga abin da ya sami gidan. Wani mai sitidiyo a Kwanar Baure, Alhaji Sha'aibu, ya ji waƙoƙin Inna a bakin matan biki. Ya kwashi tara daga cikinsu, ya ba wata yarinya ta rera da fiyano, ya rubuta sunansa a matsayin wanda ya ƙago su shekara biyu da suka wuce. Ya san mai su ba za ta iya buɗe baki ta ce nata ne ba, kuma a kan wannan ya gina lissafinsa. Hansai ta kai ƙara gaban kwamitin sasanci na masu waƙa da fayafai na yankin. Suka ce ta kawo hujja a faifai, a saurara, ranar Alhamis da ƙarfe goma. Ba ta da ko ɗaya, sai ranar Juma'a matar marigayi Malam Jatau ta shigo da wani abu a naɗe cikin takarda. Malam Jatau ne malamin makarantar da ya ɗauki muryar Inna a kaset shekara talatin baya, daga bisani ya sa aka juye masa a faifai. Kaset ɗin ya ruɓe tuntuni. Faifan nan ɗaya ne ya rage, fuskarsa duk karce, bakinsa ya fara ɓarewa. Hansai ta san ba zai jure kunnawa da yawa ba, dole a sauke abin da ke cikinsa a kwamfuta kafin komai. Kwamfutar kuwa babba ce ta tebur, tana shago, kuma daga janareton maƙwabci take samun wuta, daga ƙarfe goma zuwa huɗu. Kwana shida suka rage. Hansai tana rana ta goma sha biyu da haihuwa. A duk garin babu wanda ya san inda ake danna kwamfutar nan sai Nomau, da ya shekara uku yana kallon hannun ƙanwarsa.

Wata rana, Asabar ce, Hansai ta kira shi bakin ɗakin jego, ta ɗaga faifan da yatsu biyu.

"Yaya, muryar Inna ce a nan, kuma babu irinsa a duniya. Sai an goge ƙurar kafin kwamfuta ta karanta shi. Nemo mini ƙyalle mafi laushi a gidan nan."

Nomau ya ce to. Ya bi tsummoki da zannuwan gado ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa a kumatunsa. Yana cikin haka 'yan barka suka cika tsakar gida. Ya tsaya ya yi nazari: matan nan suna cikin gidan, ke nan tufafinsu ma suna cikin gidan. Ya bi su da sallama yana murza bakin mayafin kowace tsakanin yatsunsa, har ya iso gaban surukar Hansai, wadda ta yafo sabon mayafin da ɗanta ya aiko mata.

"Wannan ne. Hajiya, ki cire."

"In cire me?"

"Mayafin. Hansai ce ta aiko ni."

Surukar ta miƙe ba ta taɓa kunun da aka kawo mata ba, rabin matan suka bi bayanta. Gwaggo Kuluwa ta wuni tana bin gidaje tana ba da haƙuri, kuma da yake da mukullin shagon a ɗaure a haɓar zaninta ta fita, har aka kashe janareto ba a buɗe shago ba. Hansai ta goge faifan da rigar jaririnta. Saura kwana biyar.

Wata rana, Lahadi ce, ta sa faifan a gidansa na roba, ta ba shi takardar da ta rubuta matakan aikin.

"Ka kai shi shago. Zafi yana lalata shi, kada ka bari rana ta taɓa shi."

Nomau ya sa shi a aljihun gaba, ya dafe da hannu. Ya bi gindin katanga, ya raɓa ta ƙarƙashin rumfuna, ya tsallaka daga inuwar darbejiya zuwa ta mangwaro, har ya iso bakin filin makaranta. Daga nan zuwa kasuwa fili ne fetal, ko kara babu. Ya tsaya a gindin marke yana duban sama. Damina ce, ya san gajimare zai zo.

Wani mai keke ya tsaya. "Nomau, lafiya kake tsaye tun ɗazu?"

"An ce kada rana ta taɓa shi."

"To ai yana cikin aljihu."

"Rana tana taɓa riga. Riga tana taɓa aljihu. Aljihu yana taɓa shi."

Mai keken ya hau kekensa ya tafi. Nomau yana jin ƙarar janareton daga can, yana kuma jin zuciyarsa tana bugawa a ƙarƙashin faifan. Ya san lokaci yana tafiya. Amma tsakanin lokaci da maganar Hansai, maganar ce aka ba shi amana. Sai bayan la'asar gajimare ya rufe rana. Ya ruga da gudu, yana isa bakin kasuwa ƙarar janareton ta ɗauke. Ya kulle faifan a durowar shago ya dawo gida. Hansai ta juya fuskarta bango. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Wata rana, Litinin ce, ta zaunar da shi ta yi masa bayani sau uku.

"Kwamfuta za ta tambaye ka yadda za ta ajiye sautin. Kada ka zaɓi MP3. Shi MP3 yana zubar da duk abin da yake ganin kunne ba zai kula da shi ba, don waƙa ta yi sauƙin shiga waya, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Ka zaɓi FLAC. Shi naɗe sautin yake yi kamar tabarma, in an warware ta dawo yadda take, ko zare bai ɓata ba. Muryar Inna za a shaida, Yaya, ba na so a rage mata ko numfashi. In ka danna, wani layi zai fara cika. Kada ka tashi daga kujera sai ya cika ya zama kore."

Nomau ya danna daidai yadda aka rubuta. Waƙa ta ɗaya ta sauka, ta biyu, har ta biyar. A ta shida layin ya tsaya. Kwamfutar ta tarar da karce mai zurfi, ta shiga maimaita karatun wurin, tana gurnani, tana komawa baya. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Masu wayoyi suka fara taruwa a bakin kanta. Wayoyin suna cikin akwatin caji a kulle, ɗan mukullin akwatin yana rataye a ƙusa can jikin bango, kuma tsohuwar dokar shagon ce babu mai taɓa shi sai Hansai ko Nomau.

Dogara mahauci, wanda ke jiran kiran mai kawo masa shanu, ya buga kanta. "Tashi ka ba ni wayata."

"An ce kada in tashi daga kujera."

"To in ɗauko mukullin da kaina."

"An ce babu mai taɓa shi."

Dogara ya dubi mutanen da ke bayansa. "Kun ji ko? Ba zai tashi daga kujera ba. To ku kama mini kujerar."

Mutum uku suka shigo suka ɗaga kujerar da Nomau a kai, suka nufi ƙusa ana dariya. Ƙafar kujerar ta sarƙe da wayar wutar kwamfuta. Nomau ya ga kan wayar yana zamewa daga soket, ya ga fuskar kwamfutar ta yi ƙifta. Ya wurga jikinsa gefe, kujerar manne da shi, ya danne kan wayar da tafin hannu. Suka zube gaba ɗaya. Dariyar ta tsaya. Layin yana nan, bai goge ba.

Soket ɗin ya tsage, in ya saki wuta za ta ɗauke. Haka ya zauna a karkace, a kan kujerar da aka tayar masa, hannu ɗaya a bango, roba tana ɗumi a tafinsa har ta fara ƙuna. Dogara ya ja tsaki, ya zauna a benci, ya fasa neman wayar. Saura minti goma a kashe janareto waƙa ta shida ta wuce, sauran ukun suka bi ta a guje, layin ya zama kore. Nomau ya miƙe ya raba wa mutane wayoyinsu da hannun hagu.

Wata rana, Talata ce, da hantsi, wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Hansai ta riga ta gargaɗe shi da safe: "Ka ɗauko faifan ka dawo mini da shi. Kada ka ba kowa shi a hannu, ko waye." Mutumin da ya fito daga motar yana ƙamshin turare, ya miƙa wa Nomau hannu biyu.

"Malam Nomau, ko? Ni ne Alhaji Sha'aibu. Yaya jikin Inna?"

Tun da aka haifi Nomau babu wanda ya taɓa ce masa malam. Ya share benci da hularsa.

"Na ji an samo wani tsohon faifai," in ji Alhaji. "Ni ba rigima nake so ba. Irin waɗannan tsofaffin ɗauka duk hayaniya ce, ƙarar taɓarya, kukan kaji. Ka ba ni in kai sitidiyo a wanke shi tas, a rage masa nauyi, kyauta."

"An ce kada a rage ko numfashi."

"Madalla da mai riƙon amana. Akwai wani faifan bayan wannan?"

Nomau ya yi tunani. Abin da ke cikin kwamfuta ba faifai ba ne. "Babu."

"To bari in gan shi kawai."

"An ce kada in ba kowa a hannu."

Alhaji ya yi murmushi irin na wanda ya daɗe yana cin abinci da raunin mutane. "Daidai ne. Kada ka ba ni a hannu. Ajiye shi a kan bencin nan."

Nomau ya juya maganar Hansai ciki da waje, bai sami benci a cikinta ba. Wani abu a ƙirjinsa yana ce masa a'a, amma abin ba shi da kalmomi, shi kuwa kalmomi ya saba bi. Ya ajiye. Alhaji ya ɗauka, ya ɗaga shi yana duba karcen, ya sa manyan yatsunsa biyu a tsakiya. Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinke ba.

"Ayya. Ka gani ko? Tsohon abu ba ya da ƙwari. Ka gaida Inna."

Nomau ya shigo gida da ɓari biyu a tafinsa mai ƙuna. Inna tana kwance a inuwar rumfa, ta ga abin da ke hannunsa. Bakinta ya motsa, babu abin da ya fito. Hansai ta figi mayafi ta nufi ƙofa, Gwaggo Kuluwa ta tare zaure da jikinta.

"Ɗanyen jiki gare ki. In kika fita kika faɗi a hanya, wa zai shayar da yaron nan?"

"Gwaggo, a gaban idonmu za a binne Inna da ranta."

"Na sani. Ba za ki fita ba."

Hansai ta jingina da bango. Ta ɗago ta dubi Nomau. "Yaya, layin nan ya zama kore, ka tabbata?"

"Da idona na gani."

"To ka saurara. Uwar, wato faifan asali, ta karye, amma duk abin da ke cikinta yana cikin kwamfuta, ba a rage komai ba. Duk faifan da ka buga daga nan, shi da uwar ɗaya ne. Akwai kwalin sababbin fayafai a ƙasan kanta. Ka buga a hankali, yadda kowace na'ura za ta karanta, ka rubuta sunan Inna a kan kowanne. Gobe ka kai Kwanar Baure, ofishin kwamiti yana cikin tasha. In ka shiga, kowa ka ba shi nasa, kada ka tsallake kowa. Ka ce ya zo da shi zaman Alhamis, ƙarfe goma."

"Nawa zan buga?"

Jaririn ya tsala kuka a ɗaki. Ta juya tana cewa, "Yadda zai ishi kowa."

Mutum biyar na kwamiti take nufi. Amma ba ta ce biyar ba.

Nomau bai san yawan mutanen da zai tarar ba, saboda haka da ya koma shago da ɓarin faifan, ya buga duk abin da ke cikin kwalin, fayafai arba'in da biyu. Maƙwabcin ya ga ɓarin faifan a kan kanta, ya ji abin da ya faru, ya bar janareton har gab da magariba. A kan kowanne Nomau ya rubuta da baƙin alƙalami, harafi bayan harafi: Ladingo ta Marken Dutse.

Wata rana, Laraba ce, ya sauka a Kwanar Baure da buhu a kafaɗa. An ce in ya shiga, kowa ya ba shi nasa. Ya shiga ƙofar tasha, ya fara da mai gadi.

"Ga naka. An ce ka zo da shi zaman Alhamis, ƙarfe goma, ofishin kwamiti."

"Wa ya ce?"

"An ce."

Ya ba direbobi da kamasho, ya ba mai faci, mai shayi, mai wankin takalmi. Ya ba wata tsohuwa mai fura da ke zaune kusa da famfo. Wasu suka karɓa suna dariya, wasu suka ɗauka sammaci ne suka karɓa da hannu biyu. Ko da ya isa matakalar ofishin, ɗaya ya rage. Sakataren kwamiti, Malam Lurwanu, shi kaɗai ne a ciki. Ya karanta sunan da ke jiki, fuskarsa ta canza.

"Ashe akwai wani. Na sauran 'yan kwamitin fa?"

"Sun ƙare."

"To bar wannan a wurina, ya wadatar."

Da Hansai ta ji yadda aka yi, ta zauna daɓas a bakin gado. Kayan shagonta sun tafi hannun 'yan tasha, babu sauran faifan da za a buga, hujja ɗaya tilo kuma tana durowar mutumin da kowa ya san tare yake cin abincin rana da Alhaji Sha'aibu.

"Yaya," ta ce a hankali, "ka kashe mu."

Nomau ya tsaya da buhun da babu komai a ciki, yana neman inda ya saɓa wa maganarta. Bai samu ba, kuma rashin samun bai rage masa nauyin da ke ƙirjinsa ba.

Ranar Alhamis shi kaɗai ya zauna a bencin masu ƙara. Alhaji Sha'aibu yana ɗaya ɓangaren da mutanensa. Shugaban kwamitin, Baba Arzika, tsohon makaɗi ne mai gaskiya a zuci, amma ya gaji da faɗa da masu hali, ya koyi barin takarda ta yi magana a madadinsa. Ɗakin ya cika fiye da yadda aka saba, mutane har bakin taga, babu wanda ya tambayi dalili.

Malam Lurwanu ya sa faifan a na'ura. Ta juya, ta yi ƙara, ta tofo shi. Ya sake, ta sake tofowa. Ya ɗaga shi sama, kowa ya ga layuka uku masu zurfi a fuskarsa, irin waɗanda bakin mukulli ke yi.

"Haka aka kawo shi," in ji shi.

"Ba haka na kawo shi ba," in ji Nomau.

Wani daga mutanen Alhaji ya ce, "Wawan garinsu ne, ranka ya daɗe. Tambayi kowa."

Baba Arzika ya sunkuyar da kai yana murza carbi. "Dokarmu ta ce hujja a faifai, a saurara. Idan babu wani faifai a ɗakin nan, zan rufe maganar."

 Sai mai gadin tasha, daga can baya, ya ɗaga hannu da abu mai ƙyalli a ciki.

"Ni dai an ce in zo da nawa."

Mai faci ya ɗaga nasa. Direbobi huɗu suka ɗaga. Mai shayi ya zaro nasa daga aljihu, tsohuwa mai fura ta kwance nata daga haɓar zani. Hasken taga ya bugi fayafan ya watsu a silin. Ba duka suka zo ba, ashirin da uku ne, amma ko mai mukulli goma ba zai karce ashirin da uku a gaban jama'a ba.

Alhaji ya miƙe. "Ranka ya daɗe, waɗannan kwafi ne. Ina na asalin?"

"Kai ka karya shi," in ji Nomau, ba da fushi ba, kamar mai faɗin ranar kasuwa. "A kan benci. Amma an ce duk abin da ke cikin uwar yana cikin waɗannan, ba a rage komai ba."

Baba Arzika ya dubi Alhaji, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi na mai gadi, ya sa a na'ura da kansa.

Taɓarya ce ta fara, uku suna bin juna a turmi ɗaya. Zakara ya yi cara daga nesa. Aka ji mace ta ja numfashi, ta saki murya, sabuwa, mai kaifi, da ɗan karyewa a ƙarshen kowane baiti kamar za ta yi dariya. Kalmomin nan ne dai da kowa ya sani a waya da sunan Alhaji. Nomau ya shekara shida bai ji muryar nan ba. Ya riƙe gefen benci da hannunsa mai ƙuna.

Tsohuwa mai fura ta yi magana ba tare da an ba ta izini ba. "Ladingo ce. A Marken Dutse aka yi mini auren fari, na yi daka da ita. Kun ji yadda take haɗiye numfashi kafin ta hau sama? Babu mai yin haka sai ita. Yau shekara nawa da rufewar bakinta?"

"Shida," in ji Nomau.

Wani direba ya ce, "Alhaji kuma shekara biyu ya ce."

 Baba Arzika ya bar waƙoƙin tara suka ƙare, sannan ya faɗa da bakinsa, a gaban kowa, cewa waƙoƙin na Ladingo ne, kuma a cire sunan Alhaji Sha'aibu daga kansu.

Nomau ya dawo gida ya faɗa wa Hansai komai bi da bi, bai tsallake ko ƙarar na'ura ba. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza, shi kuma ya kasa gane kuka take ko dariya. Inna ta miƙo hannunta mai lafiya, ta kama tafinsa, ta juya shi, ta daɗe tana duban ƙunar.

Kada ku ɗauka an gama. Hukuncin da aka faɗa da baki yana jiran takarda, takardar kuma tana durowar Malam Lurwanu, mako uku ke nan ana cewa ba a sami hatimi ba. Waƙoƙin suna ci gaba da yawo a wayoyi da sunan wanda bai ƙago su ba, matar da ta ƙago su kuma ƙarfinta yana raguwa. Saboda haka ina roƙonku abu biyu. Duk wanda faifan nan ya zo hannunsa, ya buga wani daga gare shi cikakke, kada ya matse shi, kada ya cire taɓarya ko zakara, ya rubuta sunanta a jiki, ya ba na kusa da shi. Ranar Alhamis mai zuwa kuma, ƙarfe goma, ku hau matakalar ofishin nan da fayafanku a hannu, ku zauna, kada ku tashi sai an sa hannu a takardar Ladingo.